Gwamnati ta zuba kuɗi ko ta rage haraji? Amsa ga wani tela a Makka

"Assalamu alaikum, Malam. Ni tela ne a Makka, ina aiki a shagon wani ɗan ƙasa. Kullum bayan isha'i musu muke yi da abokaina. Wasu sun ce idan kasuwa ta mutu, gwamnati ta fito da kuɗi ta yi ayyuka, ta tallafa wa mutane. Wasu sun ce a'a, ta sauke mana wannan dariba ta kashi 15 da ake ɗorawa a fatura, kowa ya riƙe kuɗinsa. Akwai wani a cikinmu mai bin labaran Amurka, ya ce can ma rigimar da suke yi ke nan. Don Allah wanne ya fi tayar da tattalin arziki, kuma wanne ne zai iso gare mu?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa wa sana'a albarka. Tambaya biyu ka haɗa a wuri ɗaya: wanne ya fi tayar da kasuwar ƙasa baki ɗaya, sannan wanne zai iso aljihun mai iƙama (takardar izinin zaman baƙo) irinka. Amsar ta farko daban, ta biyu daban, shi ya sa musun naku ya ƙi ƙarewa, don kowa wadda ta dame shi yake amsawa. Ni tattalin arziki na karanta, amma abincina a lissafin shaguna yake. Ina riƙe wa ƙananan 'yan kasuwa littafi a Jidda, ina cike musu takardar haraji duk wata uku. To, da abin da na karanta da abin da fatura ke nuna mini zan amsa maka.

Inda musun ya samo asali

Masu cewa gwamnati ta zuba kuɗi, jagoransu wani Bature ne ɗan Ingila, Keynes, wanda ya yi tashe a shekarun 1930 lokacin da kasuwannin duniya suka karye. Hujjarsa ba ta da wuyar ganewa. Abin da ka kashe shi ne samun wani. Idan tsoro ya shiga gari kowa ya ƙulle aljihu, samun kowa zai ragu, sai a ƙara tsorata a ƙara ƙullewa. A irin wannan hali babu mai ƙarfin halin fara kashewa sai gwamnati, ko da bashi za ta ci. Ta biya ɗan kwangila, shi ya biya lebura, leburan ya kawo maka yadi ka ɗinka masa jallabiya, kai ka sayi tamis da ful, mai tanda ya biya hayar shago. A kowane hannu ana riƙe wani abu a saki sauran, amma kafin riyal ɗin ya gama yawo ya yi aikin da ya fi na riyal ɗaya.

Masu cewa a rage haraji kuwa sun ce mai kuɗi ya fi ma'aikacin ofis sanin inda kuɗinsa zai yi amfani, kuma haraji mai nauyi yana kashe wa mutum gwiwar nema. Wannan magana ta girmi Amurka nesa ba kusa ba. Malamin tarihi Ibn Khaldun ya rubuta a littafinsa Muƙaddima cewa a farkon daula haraji kaɗan ake ɗorawa a tara da yawa, a ƙarshenta kuma a ɗora da yawa a tara kaɗan. Shugaba Reagan na Amurka ma ya ambace shi da suna a 1981 lokacin da yake kare rage harajinsa. Sai dai a lura, Ibn Khaldun yana magana ne a kan harajin da ya yi nauyi har manomi ya bar gona, ɗan kasuwa ya rufe rumfa. Bai ce duk harajin da aka rage zai dawo da kansa ba. A 2017 Amurka ta sauke harajin kamfanoni daga kashi 35 zuwa 21, a shekarar da ta biyo baya abin da gwamnati ta tara daga kamfanoni ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin uku. A Ingila kuma, a watan Satumba na 2022, gwamnatin Liz Truss ta sanar da rage haraji na kusan fam biliyan 45 ba tare da faɗin inda za a cike gurbin ba. Fam ya faɗi warwas, masu ba gwamnati bashi suka ɗaga kuɗin ruwa, ba ta yi wata biyu a kan mulki ba.

Ka gaya wa abokinka mai bin labaran Amurka cewa a bakin 'yan siyasa ne abin ya rabu gida biyu. Idan wuya ta yi wuya haɗa su ake yi. Shirin Obama na 2009, na dala biliyan 787, wanda ake kafa hujja da shi a matsayin zuba kuɗi, kusan kashi ɗaya cikin uku nasa rage haraji ne.

Me ya sa rigimar Amurka ba ta hau kanmu daidai ba

A can, rabin rigimar a kan harajin albashi ake yi. A nan babu shi, ko ga ɗan ƙasa ko ga baƙo. Gwamnatin Saudiyya daga mai take samun mafi yawan kuɗinta, sai zakka ta kashi 2.5 da ake karɓa daga kamfanonin 'yan ƙasa, da harajin riba na kashi 20 a kan rabon baƙi masu zuba jari, da harajin VAT ɗin da kuke gani a fatura, da kuɗaɗen da ake ɗorawa a kan ma'aikata baƙi da iyalansu. Saboda haka wanda ya ce a rage haraji a Makka, dole ya faɗi wanne yake nufi, don ba mutum ɗaya suke ciza ba.

Abu na biyu, tun 1986 riyal a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 a dala ɗaya. Wannan ɗauri shi ya sa kuɗin da ka ajiye bara ba su narke ba kamar yadda naira ko fam ɗin Sudan suka yi wa 'yan'uwanmu. Amma yana da farashi. Babban bankin Saudiyya ba shi da sakewar sauke kuɗin ruwa yadda ya ga dama, kusan duk inda babban bankin Amurka ya taka nan yake takawa. Kasafin gwamnati ne kaɗai babban makamin da ya rage, shi kuma kasafin yana rawa ne da kiɗan gangar mai.

Dubi tarihin kusa ka gani. A 2008, da kasuwannin duniya suka rikice, Sarki Abdullah ya sanar da ayyuka na dala biliyan 400 cikin shekara biyar, don akwai ajiyar da aka tara lokacin tsadar mai. A 2011 aka sake buɗe baitulmali: ƙarin albashin wata biyu ga ma'aikatan gwamnati, alkawarin gidaje 500,000, da shirin Hafiz mai ba marasa aiki riyal 2,000 a wata. Sai mai ya faɗi daga tsakiyar 2014. Giɓin kasafin 2015 ya haura riyal biliyan 360. Daga nan aka juya. A watan Yuli na 2017 aka fara karɓar riyal 100 a wata kan kowane murafiƙi, wato iyalin da baƙo ke zaune da su a ƙarƙashin iƙamarsa, a Janairun 2018 VAT ya shigo da kashi 5, aka ƙara kuɗin fetur da lantarki. Don a rage wa 'yan ƙasa zafi aka buɗe Hisabul Muwaɗin, wato asusun tallafin ɗan ƙasa, aka kuma ba ma'aikatan gwamnati alawus ɗin tsadar rayuwa na riyal 1,000 a wata.

Ranar da ta fi koya mini darasin nan ita ce 1 ga Yuli, 2020. Annoba ɗaya ce ta kama duniya. A wannan rana Jamus ta sauke nata VAT daga kashi 19 zuwa 16 na tsawon wata shida, don mutane su fito su saya. A wannan ranar dai Saudiyya ta ninka nata sau uku, daga 5 zuwa 15, bayan ta dakatar da alawus ɗin tsadar rayuwa a watan Yuni. Ba wai masanan wata ƙasa sun fi na wata karatu ba ne. Jamus a lokacin tana cin bashi ba tare da biyan ruwa ba, masu kuɗi ma roƙonta suke ta karɓa. Saudiyya kuwa gangar mai ta faɗi ƙasa da dala 20 a watan Afrilu, ga riyal da dole a tsare masa daraja. Ministan kuɗi Muhammad al-Jadaan da kansa ya ce matakan masu zafi ne amma dole ne. Kuma ba a bar ɗaya hannun a rufe ba: shirin Sanid ya biya kashi 60 na albashin 'yan ƙasa masu aiki a kamfanonin da annobar ta taɓa, babban banki ya ware riyal biliyan 50 don sassauta wa ƙananan kamfanoni bashi, aka ɗage biyan wasu kuɗaɗe. Ana karɓa da dama ana bayarwa da hagu.

Abin da fatura ta nuna mini

A makonnin ƙarshe na Yunin 2020, masu sayar da firji da na'urar sanyaya ɗaki da kayan ɗaki da nake yi wa lissafi sun yi cinikin da ba su yi zato ba a tsakiyar annoba. Kowa na rige-rigen saya kafin harajin ya hau. Yuli na shigowa shagunan suka yi tsit. Wannan ya nuna maka yadda harajin saye ke aiki: idan mutane sun san ranar da farashi zai canza, cinikin gobe suke jawowa zuwa yau. Shi ya sa idan za a rage VAT don tayar da kasuwa, ragin mai wa'adi ya fi aiki, irin na Jamus, ko irin wanda Ingila ta yi daga Disambar 2008 zuwa ƙarshen 2009, daga kashi 17.5 zuwa 15. Amma masu sayen firji yake motsawa. Shinkafar da za ka ci a wata ba ta ƙaruwa don an rage kashi biyu.

Sai kuma halin ɗan kasuwa, wanda na sani ciki da waje. Kayan da kuɗinsu riyal 100 ne kafin haraji sun tashi daga 105 zuwa 115, wato ƙarin da bai kai kashi 10 ba. Amma na zauna na ga mai shago yana canza takardun farashi, abin riyal 5 ya zama 6, abin 8 ya zama 9, yana cewa ba zai tsaya neman canjin halala, wato kwabban riyal, ba. Da haraji ya hau, duka aka ɗora wa mai saye har da ɗoriya. Idan ya sauka, kana ganin wannan mutumin zai koma ya goge 6 ya rubuta 5? Wasu za su yi inda gasa ta yi zafi, manyan kantuna ma za su yi talla da shi. Baƙalar lungu, wato ƙaramin shagon kayan masarufi, ba za ta yi gaggawa ba. Faransa ta gwada a 2009, ta sauke VAT na gidajen cin abinci daga kashi 19.6 zuwa 5.5, binciken da aka yi daga baya ya nuna ƙaramin kaso ne ya isa ga mai ci, mafi yawa masu gidajen ne suka riƙe.

Bari mu yi lissafi da alƙalami. Mu ce kana kashe riyal 3,000 a wata a kan kayan da ke da VAT, ban da hayar gidan zama, don ita babu wannan haraji a kanta. A cikin 3,000 ɗin nan, harajin kusan riyal 390 ne. Idan aka mayar da shi kashi 5, kuma kowane mai shago ya ji tsoron Allah ya sauke farashi daidai, za ka tsira da kusan riyal 260 a wata. Attajirin da ke kashe 30,000 zai tsira da 2,600. Kai 260 ɗinka kafin mako ya fita sun koma kasuwa. Shi nasa a banki za su kwana, ko su bi shi hutu waje. Gwamnati ta yi asarar kuɗi masu yawa, rabo mafi tsoka ya tafi ga wanda ba zai motsa kasuwa da shi ba. Wannan ita ce babbar hujjar masu cewa gara a zaɓi mabuƙata a ba su kai tsaye, kuma a wurina hujja ce mai ƙarfi.

Sai dai ga inda ta gaza a kanka. Hisabul Muwaɗin, kamar yadda sunansa ya nuna, an gina shi ne don ɗan ƙasa. Sanid ma haka. Ragin VAT kuwa ba ya tambayar iƙama, duk wanda ya tsaya gaban mai karɓar kuɗi ya samu. To abokanka masu cewa a sauke dariba ba shirme suke yi ba, sun dubi wace ƙofa ce take buɗe musu.

Amma da za a ba ni zaɓi ɗaya a madadin mai iƙama mai iyali, ba VAT zan taɓa ba. Kuɗin murafiƙai ya tashi daga 100 zuwa 200, zuwa 300, ya tsaya a riyal 400 a wata kan kowane mutum tun Yulin 2020. Mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu yana biyan 2,000 a wata, 24,000 a shekara, ko ya yi ciniki ko bai yi ba. Kwatanta da 260 ɗin can. Shi kuma kafili yana biyan 700 ko 800 a wata kan kowane ma'aikaci baƙo, gwargwadon yawan 'yan ƙasa da ya ɗauka. Harajin da ake ɗorawa kai-da-kai ba ya duba mai ƙarfi ko mara ƙarfi. Sakamakonsa kowa a unguwa ya gani: mutane suka mayar da mata da yara gida, gidan haya ya zama ɗaki ɗaya na gwauraye, kuɗin da da ake kashewa a baƙala da makaranta da shagon tela suka koma hawala. An sa kuɗin ne da manufa biyu, a tara wa baitulmali, a kuma sa ɗaukar ɗan ƙasa aiki ya fi sauƙi a kan ɗaukar baƙo, kuma gwamnati na da haƙƙin fifita 'ya'yanta. Ita kanta ta ga nauyin a wani ɓangare, shi ya sa daga Oktoban 2019 ta ɗauke wa masana'antu kuɗin ma'aikatansu baƙi.

Kuɗin da aka zuba, ina suke tsiyayewa?

Kada masu cewa gwamnati ta zuba kuɗi su ɗauka sun ci musu. Yawon riyal ɗin nan da na kwatanta a sama, a Saudiyya gajere ne. Shinkafar daga Indiya take, yadin da kake yankawa daga waje, motar daga Japan ko Sin. Kuɗin da baƙi ke aikawa gida sun haura riyal biliyan 100 a shekara, har da namu a ciki, kuma babu laifi a kai. Kamar ɗiban ruwa ne da guga mai huji, ana kaiwa gida da wani abu amma ba abin da aka ɗebo ba.

Sannan ba kowane kashe kuɗi ne ke farfaɗo da kasuwa a kan lokaci ba. Manyan ayyuka irin su sabon birnin Neom, da aka sanar a 2017, shuka ce ta shekaru masu yawa, a auna su da wani ma'auni daban. Aikin da sai an yi shekara biyu ana zane da ba da kwangila ba zai ceci shagon da hayarsa ta cika a watan gobe ba. Abin da na ga ya fi saurin tasiri ba shi da ƙyalli ko kaɗan: gwamnati ta biya 'yan kwangila bashin da suke bin ta. A 2016, da aka jinkirta biyan, manyan kamfanonin gine-gine suka yi watanni ba su biya ma'aikata ba. Wani mai sayar da kayan abinci kusa da masaukin leburori ya kawo mini littafin bashinsa, shafi bayan shafi na sunaye, babu wanda aka soke. Ba haraji ne ya kashe masa kasuwa ba, kuma ragin haraji ba zai tashe ta ba. Albashin mutanen can ne maganinsa.

A nan ne nake ganin kuskuren ɓangarorin biyu yake, suna rubuta magani kafin su duba ciwo. Ku a Makka, 2020 ba ƙarancin kuɗi a hannun jama'a ne ya kwantar da ku ba. An dakatar da Umra tun ƙarshen Fabrairu, Hajjin da ya tara kusan mutum miliyan biyu da rabi a 2019 ya koma na 'yan tsiraru daga cikin ƙasa. Ko da an shafe VAT gaba ɗaya, alhazan da ba su zo ba ba za su sayi jallabiya ba. Abin da ya dace a irin wannan lokaci shi ne a riƙe shaguna da ma'aikata da rai har ƙofa ta buɗe: ɗage kuɗin iƙama, jinkirta bashi, tallafin albashi. Idan kuwa ciwon ƙarancin kaya ne, zuba kuɗi farashi kawai zai hura. Amurka ta raba wa jama'a kuɗi zagaye uku a 2020 da 2021, ga jiragen ruwa sun maƙale, ga yaƙin Yukren ya zo, hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 a Yunin 2022. Masana har yau suna musun nawa ne laifin rabon kuɗin a ciki. Wanda ke da dangi a Sudan kuwa ya san mafi munin nau'in. Bayan Kudu ta ɓalle a 2011 da kusan kashi uku cikin huɗu na man ƙasar, gwamnati ta ci gaba da biyan tallafin burodi da fetur da kuɗin da babban banki ke bugawa, har hauhawar farashi ta haura kashi 300 a 2021.

To ga inda na tsaya. Idan kasuwa ta mutu don tsoro ya sa mutane sun daina saye, kuma gwamnati na da ajiya ko tana iya cin bashi da sauƙi, kuɗin da aka sa kai tsaye a hannun mai ƙaramin ƙarfi da biyan bashin kwangila sun fi ragin haraji na kowa-da-kowa motsa ciniki, riyal da riyal. Ga aljihunka kai kuwa, sassaucin kuɗin murafiƙai ne farko, VAT na biye, ayyukan gwamnati su iso ka a kaikaice ta hannun masu kawo ɗinki. Littattafan 'yan shagunan da ke hannuna ba su ne ƙasa ba, suna nuna mini lungu ne, kuma masanan da ke auna yawan yawon riyal ɗin gwamnati sukan fito da amsoshi mabambanta gwargwadon ƙasa da lokaci. Yarima mai jiran gado, Muhammad bin Salman, ya ce a wata hira a Afrilun 2021 kashi 15 ɗin na wucin gadi ne. Mai son sanin ko saukarsa ta kusa, ya sa ido a kan farashin gangar mai da giɓin da ake sanarwa a kasafin kuɗi na ƙarshen shekara.

Akwai wani abu da ya shafi shagonku kai tsaye, tunda tela ne kai. Rajistar VAT ba ta zama dole sai cinikin shekara ya haura riyal 375,000, amma wanda ya kai 187,500 yana iya yi don kansa. Shagon da ba shi da rajista ba ya ɗora wa mai ɗinki kashi 15, sai dai yana biyan sa a kan yadi da zare da lantarki da hayar shago, kuma ba shi da hanyar karɓo shi. Mai rajista yana cire abin da ya biya daga abin da ya karɓa, ya miƙa wa hukuma ragowar, amma dole ya riƙa fitar da fatura ta na'ura, wadda aka wajabta tun Disambar 2021. Idan yawancin masu kawo muku aiki kamfanoni ne ko otal-otal masu ɗinka wa ma'aikata kaya, rajistar za ta iya yi wa maigidanka riba, don su ma za su karɓo abin da suka biya ku. Idan mutanen unguwa ne masu ɗinkin Sallah, farashinku ne zai hau a idonsu. Ka ce masa ya tattara faturorin wata uku ya kai wa mai lissafi kafin ya yanke shawara.